Ranar da Aka Ɗauki Barcina a Waya

Sallama gare ku, masu bin labarina. Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Kausara, haifaffiyar Kaladan a nan Tamale. Ɗinki nake yi, kuma an sa ranar aurena bayan babbar Sallah. Ko in ce an taɓa sawa, don yanzu ni kaina ban san matsayin ranar ba. Abin da zan ba ku yau na so in haɗiye shi har abada. Amma tunda rabin matan unguwar Gurugu sun riga sun gan ni a kamannin da ni ban taɓa ganin kaina a ciki ba, gara ku ji daga bakina.

Ina minshari. Ba irin ɗan sautin nan da mace kan yi in ta gaji, a tsokane ta da safe a wuce ba. Nawa ana jin sa daga tsakar gida, ƙofa a rufe.

A gidanmu kowa ya sani, ba a dai furtawa. Ƙanwata Farhana ta daɗe da jan katifarta zuwa falo, wai ɗakinmu zafi. Mma kuwa, mahaifiyarmu, in baƙuwa ta kwana ta fara kame-kame da safe, sai ta riga ta: "Gajiya ce, yarinyar nan wuni take a kan keke." Ni abin da na sani game da barcina kaɗan ne. Na san ba na farkawa sai da ciwon kai, bakina a bushe kamar na kwana ina cin garin rogo ba ruwa. Na san wani lokaci nakan zabura zaune ina neman iska, zuciyata na bugawa da ƙarfi, kamar an cusa mini tsumma a maƙogwaro. Mma ta ce dannau ne. An yi mini rubutu na sha, an yi hayaƙi har ya kama labule, ba abin da ya canza. Kuma komai daɗewata a kwance, da hantsi barci zai same ni a shago, ƙafata a kan keken ɗinki. Na taɓa ɗinke ɗan yatsana tare da hannun rigar wata mata.

Abdulfatawu bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Aikinsa haɗa wutar sola, mutum ne mai sanyin magana, irin wanda sai ya gama sauraron ka kafin ya buɗe baki. Atamfar mahaifiyarsa ya kawo shagona, ya dawo karɓa, ya sake dawowa ba tare da atamfa ba. Iyayensa sun zo, an yi magana, an kawo akwatunan lefe an jera a ɗakin Mma. Ta yaya zan fara gaya masa? A ce me? Duk lokacin da ya turo mini "Ki yi barci mai daɗi, gimbiya," sai in kalli saƙon in kife wayar.

Ranar Asabar ɗin nan aka yi suna a gidansu da ke Gurugu, matar yayansa ta haihu. Mma da kanta ta shirya ni. Leshi ruwan zuma na sa, riga kaba da siket, ɗinkin hannuna, da mayafi fari mai duwatsu a baki. Tana ɗaura mini ɗankwali tana jero mini dokoki.

"Kada ki cika ciki. Kada ki yi dariya haƙora waje. In an ce ki zauna, ki ce a'a, ki kama aiki." Ta ja kullin ɗankwalin har sai da na ce wash. "Kuma don girman Allah, Kausara, kada ki kwanta a gidan mutane."

"Mma, suna zan je, ba kwana ba."

"Na dai gaya miki."

Na bi maganarta. Tun safe nake tsaye, na gyara ganyen ayoyo na miya, na tuƙa tuwo a babbar tukunya har hannuna ya yi ja, na raba wake da shinkafa a robobi, na wanke kwanuka. Da aka yi azahar, Hajiya Salimatu, mahaifiyar Fatawu, ta ce in shiga ɗakinta in yi salla. Ɗaki ne mai sanyi, fanka na juyawa, ƙamshin turaren wuta ya kama ko'ina. Na idar, na jingina da gefen gado ina jan carbi. Na tuna na ce a raina bari in ɗan lumshe ido kafin in koma wajen kwanuka.

Abin da na sani bayan nan shi ne na zabura ina jan iska da ƙara, kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Ina kwance rigingine a kan darduma, ɗankwalina ya zame, yawu a gefen bakina. Bakin ƙofa cike da mata. Wata ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa, wata ta juya baya ta fashe da dariya a fili. Adisa, ƙanwar Fatawu, ta yi saurin mayar da wayarta bayanta.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya. Hajiya tana durƙushe a gefena, hannunta a kafaɗata, ita ce ta girgiza ni. Tana kallona da wani irin kallo da na kasa fassarawa. Ni dai na ɗauka ƙyama ce.

"Tashi ki sha ruwa," kawai ta ce.

Ban san yadda na hau babur ɗina na iso gida ba.

Washegari da safe Farhana ta shigo ɗaki riƙe da waya, idonta ya yi ja. Wata ƙawarta da ke auren ɗan uwan su Fatawu ce ta turo mata. Adisa ta sa bidiyon a guruf ɗin danginsu, daga can ya fita. A ƙasansa an rubuta, "Amaryarmu ta zo da janaretonta, yaya Fatawu ya huta da sola." Fuskokin dariya sun jeru ba iyaka. Na danna. Na ga wata mata mai kumatu, baki a buɗe, sanye da leshina. Da sautin ya fito na wurgar da wayar kan katifa. Ko kusa da rabi ban kalla ba.

Mma ta yi kuka, ta yi faɗa, ta zagi Adisa da tarbiyyarta, sannan ta juyo kaina.

"Me na ce miki? Me na ce miki da bakina?"

Da ta huce sai ta kawo shawara. Akwai wani wanzami a bayan kasuwa, za a kai ni a ɓoye ya cire mini beli, wai shi ke kaɗawa yana ƙara. Kafin biki na warke, in an sake magana a ce sharri ne, ranar gajiya ce kawai.

Fatawu yana wajen Yendi suna aiki. Saƙo ɗaya ya turo: "Na gani. Na sa Adisa ta goge. Zan kira ki." Na wuni da wayar a cinyata. Na rubuta "Ka yi haƙuri," na goge. Haƙurin me? Na rubuta "In ka fasa ka gaya mini," na goge. Bai kira ba ranar, bai kira ba washegari. Masu karatu, wadda ta taɓa jiran kiran da bai zo ba ta san yadda hantsi ke daɗewa.

Sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Muryar Hajiya ce. Ta ce tana son ganina, ni kaɗai, bayan la'asar.

"In fasawa za su yi, su zo su gaya wa ubanki," in ji Mma. "Ba yarinya ake kira a sallama kamar 'yar aiki ba."

Amma na tafi. Na sa doguwar riga baƙa da mayafi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. A hanya danja ta tsayar da mu, rana na dukan bayana, na sauke ƙafa ɗaya ƙasa ina jira. Ban san lokacin da kaina ya sunkuya ba. Hon ɗin wani mai yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, shi ya dawo da ni, babur ɗin ya riga ya fara karkata, mutumin yana ɗaga mini hannu yana faɗa da Dagbanci. Na daidaita na wuce. Ba ranar aka fara ba.

Na sami Hajiya a ɗakin nan dai, zaune a kan kujera, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta nuna mini bakin gado, na ƙi, na zauna a ƙasa.

"Adisa ta yi abin kunya, kuma ta ji daga gare ni," ta ce. "Ba don wannan na kira ki ba. Zan tambaye ki, ki gaya mini gaskiya. Kina tashi da ciwon kai?"

Na ɗago na dube ta. "E, Hajiya."

"Kullum?"

"Kusan kullum."

"Barci na ɗaukar ki kina zaune, ana magana da ke?"

"Yana yi."

"A kan babur fa?"

Na gyaɗa kai. Ta rufe ido ta ce innalillahi a hankali.

"'Yata, ranar nan matan can ƙara suka ji. Ni ba ƙarar ce ta shigo da ni ɗakin nan ba. Ina tsakar gida ina jin ki, sai na ji kin yi tsit. Na tsaya da ludayi a hannu ina jira ki ci gaba, ba ki ci gaba ba. Da na shigo, ƙirjinki na ta ƙoƙari, yana hawa yana sauka, amma iska ba ta shiga. Leɓenki ya fara canza launi. Suna dariya, ni kuwa na durƙusa na girgiza ki."

Ta ajiye carbin a cinyarta.

"Alhaji Abukari, mahaifin su Fatawu, haka yake. Duk unguwar nan an san minsharinsa, abokansa har suna suka sa masa. Shi ma dariya yake yi. Ni ce kawai na san abin da ke tsakanin ƙara da ƙara, don ni ke kwance a gefensa. In ya yi shiru sai in zungure shi da gwiwar hannu, ya ja numfashi kamar an shaƙe shi an saki, ya juya ya ci gaba. Da safe in gaya masa, ya ce mafarki nake. Shekara da shekaru ban yi barcin kirki ba. Yana zaune a shago zai yi gyangyaɗi mai saye na tsaye. Hawan jini ya kama shi, ana ba shi magani ba ya sauka. Ba wanda ya taɓa tambayar mu yadda yake barci, mu ma ba mu ga abin faɗa wa likita ba. Wa ke zuwa asibiti don minshari?"

Ta sake ɗaukar carbin.

"Sai na tafi Kumasi sarin kaya. Ina can aka kira ni. Ya kwanta lafiya, ba a tashi da shi ba. Fatawu ne ya shiga tashinsa sallar asuba. Kwana ya ƙare, na sani, ba na jayayya da Ubangiji. Amma har yau in na tuna cewa ba kowa a gefensa ranar..."

Ba ta ƙarasa ba. Ni kuwa hawaye sun riga sun jiƙa mini mayafi. Na zo ne da shirin a wulaƙanta ni, na tanadi fuskar da zan saka. Ban tanadi komai ba don wannan.

"Ina son ki, Kausara, na ga hankalinki," ta ce. "Amma ba zan ɓoye miki ba. Ba zan bar ɗana ya kwanta yana gadin numfashin matarsa yadda na yi ba, kuma ba zan zuba ido in ga an sake yi mini irin wancan a gida ba. Ki je likita ya duba ki. Maganar rana a dakata da ita sai mun ji abin da ya ce."

Da na kai wa Mma wannan magana, sai da maƙwabta suka leƙo.

"Asibiti? Wato 'yata majinyaciya ce! Sun yi mata tsirara a waya bai ishe su ba, yanzu so suke a samo takarda a ce ba ta da lafiya, su sami abin fakewa. In kika taka asibiti a kan maganar nan, Kausara, kin sa hannu da kanki cewa ke mai aibi ce. Wa zai sake zuwa ƙofar gidan nan?"

"Mma, na yi barci a kan babur yau."

"Kowa na gyangyaɗi!"

"A tsakiyar titi, Mma."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce jibi za mu je wurin wanzami, magana ta ƙare. Baba yana zaure yana jin mu. Shi mutum ne da ba ya shiga maganar mata sai ta kai masa har gwiwa.

Ban taɓa saɓa wa Mma a kan babban abu ba. Amma washegari na ce zan je sayen zare, na bar babur a gida, na hau yalo-yalo zuwa wani asibiti a Sagnarigu. A hanya na tura wa Fatawu sunan wurin, ban ƙara ko kalma ba.

Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Da na ce mata minshari ya kawo ni, na sunkuyar da kai ina jiran murmushi. Ba ta yi ba. Ta jawo kujerarta kusa.

"Mutane da yawa suna minshari, kuma ba kowanne ne ciwo ba," ta ce. "Wani in ya yi mura ne, wani in ya kwanta rigingine, ya juya ya daina, ya tashi da safe garau. Wannan damuwar na kusa da shi ce kawai. Wanda muke tsoro shi ne mai yankewa. Akwai wanda ya taɓa ganin numfashinki ya tsaya kina barci?"

Na ba ta wayar Farhana da na aro, na juya fuskata bango. Na ji sautin ya cika ɗakin, na ji ya yanke, na ji likitar ta daina motsi. Da ta ajiye wayar sai ta shiga tambaya. Ciwon kai da safe, bushewar baki, zabura ina haki, yawan tashi fitsari, mantuwa, saurin fushi, barci da rana. Kusan duk abin da ta ambata nawa ne, har abubuwan da ban taɓa zaton suna da dangantaka da juna ba. Ta tambaya ko na ƙara jiki a 'yan shekarun nan, na ce tun da na zauna a shago. Ta auna wuyana, ta haska maƙogwarona ta ce naman gefe biyu ya yi girma, hanyar iskar ta matse. Ta gwada jinina, ta sake gwadawa a ɗaya hannun.

"Jininki ya hau fiye da yadda ya kamata ga mai shekarunki."

Ta faɗi sunan abin da take zargi da Turanci, ta ce ma'anarsa ɗaukewar numfashi a cikin barci. In mutum ya yi barci naman maƙogwaro kan saki, ga wasu sai ya rufe hanya gaba ɗaya. Jiki ya ji iska ta yanke, ya firgita ya farkar da kansa, a ja numfashi, a koma, a sake rufewa, haka har gari ya waye, mai shi bai sani ba. Shi ya sa nake kwana a kwance in tashi kamar wadda ta kwana tana daka.

"Zai iya kashe ni ina barci?" Na tambaye ta, ina tuna Alhaji.

"Yawanci jiki na tashin kansa, ko ba wanda ya taɓa ki. Haɗarin shi ne abin da yake yi wa zuciya da jini a hankali in aka bar shi shekaru. Na kusa kuma shi ne babur ɗin nan. Ki ajiye shi daga yau."

Na gaya mata maganar wanzami. Ta girgiza kai da ƙarfi, ta ce kada in bari a sa mini ƙarfe a maƙogwaro, ba zai buɗe hanyar ba, jini da ciwo kawai zan samu. Ta ce ba za ta yanke hukunci da baki ba, sai an yi mini gwajin barci, a sa mini na'ura ta auna yadda numfashin ke yankewa da yadda iska ke raguwa a jinina, a nan za a san ko nawa mai sauƙi ne ko mai tsanani. Za ta tura ni Kumasi wurin wanda ta sani. Kafin nan in riƙa kwanciya a gefe, in guji maganin sa barci, in fara rage jiki a hankali. Ta ce ana samun sauƙi sosai, wasu da aiki a maƙogwaro, wasu da wata na'ura mai hura iska da ake sawa a hanci in za a kwanta.

Na yi ƙoƙarin hango kaina amarya, da lalle a hannu da roba a fuska. Na kasa.

Da na fito, Fatawu na zaune a benci a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, rigarsa batakari duk ƙurar hanya. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Ya miƙe da ya gan ni.

"Kausara."

"Ka ce za ka kira."

"Na ɗauki wayar ya fi a ƙirga." Ya dubi ƙasa. "Da na kalli abin nan, da kika yi shiru a ciki, ɗakin Baba na gani. Na kasa ƙarasawa. Na kasa kiran ki in yi magana kamar ba komai."

Na gaya masa duk abin da likita ta ce, har na'urar hanci, ban rage ba. Yana ji yana gyaɗa kai. Sai na yi tambayar da ta hana ni sukuni.

"In suka ce nawa mai tsanani ne, abin da zan zauna da shi ne har ƙarshen raina, za ka iya?"

Na so ya ce e kafin in rufe baki. Ko ƙarya ce na so ya yi mini. Amma Fatawu ba ya magana sai ya auna ta, abin da na so shi dominsa ke nan, ranar kuwa shi ya yanke ni.

"Bari mu ji abin da za su ce tukuna," ya ce.

Ya so ya kai ni gida, na ce ya bari.

Tun daga zaure na ga akwatunan. An fito da su daga ɗakin Mma an jera a bakin ƙofa, an rufa musu zani. Wata maƙwabciya ta gan ni ina shiga asibiti, labari ya riga ni isowa. Mma na tsaye ta ci ɗamara da mayafi, Baba na zaune a kujerarsa ta roba.

"Tunda kin zaɓi maganar uwar wani a kan tawa, shi ke nan," in ji Mma. "Malam, ka aika a kira ƙaninka ya mayar musu da kayansu. Gara mu mu mayar da a zo a karɓa."

Baba ya dube ni. "Gaskiya ne kin je?"

"Na je, Baba."

"Me suka ce?"

Na buɗe baki, na ga ba ni da kalmar da za ta shiga kunnen Mma. Duk gidan nan ba wanda ya kalli bidiyon har ƙarshe, kowa kunya ta hana shi, har ni. Na durƙusa a gaban Baba na miƙa masa wayar Farhana.

"Kada ki kunna mana wannan abin kunyar!" in ji Mma.

Na kunna. Na tsaya a gefensa, karo na farko na kalla tare da shi. Ƙarar ta fito, ana jin dariyar mata a baya. Baba ya ɗaure fuska. Sai ƙarar ta yanke kamar an datse ta da wuƙa. Matar da ke cikin wayar tana kwance baki buɗe, ƙirjinta na fizga, cikinta na shiga yana fita, ba sauti. Dariyar na ci gaba. Shirun ya yi tsawo, ya ƙara tsawo, har na ji ni ma na riƙe numfashina.  Baba ya matso da wayar kusa da fuskarsa.

"Kausara!" ya daka wa wayar tsawa. "Kausara, tashi!"

Ina tsaye a gefensa, kafaɗata na taɓa tasa. Sai da hannun Hajiya ya shigo hoton ya girgiza ni, matar ta ja iska da wannan mummunar ƙara, sannan Baba ya sauke wayar. Ya juyo ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya kama hannuna ya riƙe.

Mma ta matso a hankali. Ta karɓi wayar daga cinyarsa, ta mayar da bidiyon farko da kanta. Ta kalla a tsaye, bakin mayafinta a kan baki. Da aka zo wurin shirun na ga leɓenta na motsi, salati take yi. Ya ƙare, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Haka kike yi kullum?" ta ce, muryarta ta dushe. "Ina ɗakin can ina jin kin yi shiru, in ce alhamdulillahi yarinya ta samu barci?"



Ta goge fuska da mayafi, ta ja dogon numfashi. "Kumasi suka ce? Ni na haife ta, ni zan kai ta. Ba sai wata ta nuna mini hanya ba."

"Kayan nan fa, Adijatu?" in ji Baba.

Mma ta dubi akwatunan. "Su zauna inda suke. Ba za su fita ba, ba za su koma ɗaki ba, sai yaron nan ya faɗa mini da bakinsa ko zai iya zama da 'yata yadda Allah Ya yi ta. In ba zai iya ba, ya faɗa tun yanzu, in san ciwo nawa zan yi jinya."

Ba ta gama rufe baki ba wayata ta fara ruri a cikin jaka. Na ciro. Sunan Fatawu ne a kai. Kafin in yanke shawarar ɗauka ko bari, Mma ta miƙo hannu. Na dubi Baba, ya gyaɗa mini kai. Na sa mata wayar a tafin hannu.

Ta danna, ta kai kunne, idonta a kaina.

"Abdulfatawu, ba Kausara ba ce, uwarta ce. Tambaya ɗaya zan yi maka: za ka iya zama da 'yata yadda Allah Ya yi ta? Ina jin ka."